Maganin da Ba Ya Mutuwa

Shekara ashirin da biyu ke nan ina koyar da 'yan aji uku, kuma babu shekarar da ba a ƙirƙiro mini sabon aiki ba. Bana sai aka kawo wani littafi mai koren bango, wai darasin lafiya da tsaro da zama ɗan ƙasa na gari. Hedimasta ya ajiye mini shi a kan tebur, ya ce ni na fi dacewa saboda ina da haƙuri. Duk wanda ya yi aikin makaranta ya san fassarar wannan yabo: kowa ya ƙi, ke ce ba ki iya ƙi ba.

Aka ba darasin awar ƙarshe ta ranar Laraba, lokacin da rana ta gama gasa kwanon rufi, yunwa kuma ta gama kwashe hankalin yara. Su sittin da takwas ne a kan benci goma sha tara, ɗaya daga ciki ma bulo ne yake riƙe da ƙafarsa. Na koya musu wanke hannu da sabulu a makarantar da famfonta ya ƙafe tun kafin a haife su. Na koya musu tsallake titi a kan farin zane, alhali titin gabanmu ba shi da zane sai ramuka. Duk abin da na faɗa sai su rera shi da ƙarfi har ajin kusa ya aiko a rage murya, a tashi kuma su fita su sayi alawa da hannun da suka share majina. Ban ga laifinsu ba. Ni ma rerawar nake yi, bambancin kawai ni ana ba ni albashi.

Tun rasuwar mijina, shekara shida da suka wuce, a gidan yayana nake zaune. Allah bai ba mu haihuwa ba, dangin mijina kuma ba su ɓata lokaci ba wajen tuna mini na wane ne gidan. Yaya bai jira na roƙa ba, da kansa ya zo da mota ya kwashe ni da kayana, ya ba ni ɗakin ƙofar gida. Gado ɗaya, durowa, teburin da nake maki a kai, da taga mai kallon bishiyar lemo. Bango ɗaya ne ya raba ni da shagonsa na kemis. Ba na jin kunyar faɗa, wannan ɗakin da wannan yayan su ne duk abin da ya rage mini a duniya.

'Yarsa ta tsakiya tana ajina. Aku muke kiranta, kuma ba a zalunce ta ba. Tun daga ƙofar gida har ƙofar makaranta bakinta ba ya hutawa, ta ba ni labarin abin da kaza ta yi, da abin da uwarta ta ce kada a faɗa wa kowa. A gida ni Gwaggo ce, a makaranta Malama, amma in zumuɗi ya kama ta sai ta haɗa su biyu ta ce Gwaggo Malama, aji ya kwashe da dariya.

Babi na bakwai a kan magani yake. Littafin ya ce a koya wa yara duba "ranar ƙarewar wa'adin amfani". Na rubuta haka a allo, na juyo, na ga idanu ɗari da talatin da shida suna kallona kamar na yi musu wani yare. Wani a baya har ya fara gyangyaɗi. Sai na goge, na zana kwali, na rubuta lambobi layi biyu a gefensa.

"Ku saurara," na ce. "Magani kamar mutum yake. Yana da ranar haihuwa, ga ta a sama. Yana da ranar mutuwa, ga ta a ƙasa. In ranar mutuwa ta wuce, ya zama gawa. Wa yake shan gawa a cikinku?"

"Ba kowa!" suka amsa, har mai gyangyaɗin ya farka yana tambayar wa ya mutu.

Rabon da in ga aji ya farka haka har na manta. Daɗin abin ya ɗebe ni, na ba su aikin gida: kowa ya kawo fankon kwali ko kwalbar magani daga gida, mu karanta ranakun tare. Na tafi gida ranar ina jin kaina, ina cewa ashe har yanzu da sauran malanta a jikina.

Laraba ta zagayo, teburina ya koma bola. Akwai wanda ya kawo gwangwanin maganin sauro, akwai wadda ta kawo robar man kitso, ta rantse kakarta tana shafa shi a gwiwa. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ga nasa da sauran rai sai ya yi murna, wanda ya ga nasa ya mutu sai 'yan bencinsu su yi masa gaisuwa, yana sunkuyar da kai yana amsawa. Ina dariya, ina share zufa, sai na ga hannun Aku a sama, tana kaɗa shi kamar zai cire.

"Gwaggo Malama! Namu ba ya mutuwa!"

"Ke dai zo ki karanta, ban da surutu."

Ta fito da leda guda, kwalaye sun fi goma. Ta zaro ɗaya ta ɗaga wa aji. Ranar haihuwa tana nan raɗau. A inda ranar mutuwa ya kamata ta kasance kuwa, kwalin ya yi fari, ya yi kaushi, an kankare shi a hankali, aikin wanda ya saba.

"Babana ne yake cire ranar mutuwar da reza," in ji ta, tana ɗaga ƙirji. "In ya cire, shi ke nan, ba zai mutu ba. Ni ce ma nake miƙo masa kwalayen."

"Kai! Babanki ya iya!" in ji wani.

Ɗan mai facin taya, wani siririn yaro da ke zama a benci na biyu, ya juya kwalbar maganin tarin da ya kawo, ya ƙura mata ido, ya yi tsalle. "Malama, nawa ma ba ya mutuwa!" Sai wata ta duba nata. Sai wani. Kafin ka ce me, hannu goma sha ɗaya a sama, kowa yana murna shi ma yana da marar mutuwa. Waɗanda nasu yake da ranaku biyu cif suka koma kallon nasu da raini.

Gabana ya faɗi, amma ba faɗuwar mamaki ba ce. Na san ƙarar rezar nan. Da yamma in ina maki, nakan ji ta ta bango, ƙar, ƙar, ƙar, a tsaya, a ci gaba. Shekara biyu ina ce wa kaina ɓera ne. Ɓeran da yake hutawa in mai saye ya shigo.

Na tattara kwalayen na zuba a jakata, na ce an tashi, alhali da sauran minti ashirin. Ban gyara musu kuskuren ba. Kalma ɗaya ta isa, amma na dubi fuskar yarinyar tana sheƙi, na ji ba zan iya ba a gaban mutum sittin da bakwai. Na ce wa kaina sai mako mai zuwa.

Kwana uku ina yawo da kwalayen a jaka. Kullum matar Yaya ta aiko mini da abinci a wani kwano mai murfin fure, kullum in ci ina tunanin inda kuɗinsa ya fito. Na shirya maganar ta fi sau ashirin, ina wanka ina shiryawa, ina shara ina shiryawa. Ranar Asabar da yamma na gaji da kaina, na ɗauki jakar na zagaya.

Shagon ƙarami ne, kanta mai gilashi a gaba, katakai har rufi a baya, fanka tana juyawa tana kuka. A bencin ƙofa tela yana zaune da wani mai babur, suna shan inuwa suna gardamar ƙwallo. Yaya yana bayan kanta, tabaraunsa da aka ɗaure ƙafarsa da zare yana kan hanci.

"A'a, Auta! Yau an tuna da talakawa?"

Ni ce autar gidanmu, kuma ko da furfura ta fito mini bai canza mini suna ba. Na gaishe shi, na matsa ƙuryar kanta inda masu ƙwallo ba za su ji ba, na jera masa kwalayen. Ya dube su, ya dube ni. Bai yi kamar bai gane ba, wannan kam na ba shi.

"Aikin Aku ne wannan."

"Aikina ne, Yaya. Ni na ce su kawo."

Ya cire tabarau ya murza ido. Sai a lokacin na lura yadda ya tsufa, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Auta, ki bar abin da ba ki sani ba. Ranar nan masu kamfani ne suke bugawa don a zubar a sake saye. Ƙwaya ta san kalanda ne? Yau tana aiki, gobe ɗaya ga wata sai ta ce na ajiye aiki?"

"To in haka ne, me ya sa kake gogewa? Ka bar ta mana, ka yi wa mutane wannan bayanin."

"Su saurare ni? Ke ma da kika yi boko ga shi ba ki saurara ba." Ya rage murya. "Shekara talatin ina sana'ar nan. Wa ya mutu a hannuna? Faɗa mini mutum ɗaya. In na zubar da duk abin da ya haura wata uku da ƙarewa, mutanen gidan nan iska za su ci? Baki goma sha ɗaya ne a kaina."

Bai ce har da nawa ba. Ba sai ya faɗa ba, na iya ƙirga.

Wallahi a nan na so in bari. Na gaji, ƙafafuna suna zugi, kuma mutumin da ke gabana shi ne wanda ya riƙa goya ni zuwa makaranta wata biyu lokacin da kwalba ta yanke ni ina ƙarama. Na fara mayar da kwalayen jaka. Na ce a raina na dai faɗa, na sauke nauyi, sauran tsakaninsa da Ubangijinsa.

Sai ga matar mai facin tayan nan ta shigo da sauri, goye da jariri. Kan yaron ya langaɓe gefe, leɓensa ya bushe, yana numfashi sama-sama.

"Sannu da aiki, mai kemis. A'a, Malama, ke ce a nan? Ina wuni? Ai kuwa kin kyauta mana. Yaron nan nawa na ajinki tun Laraba ya hana mu sakat da labarin magani mai mutuwa da marar mutuwa. Ya ce ke kika koya musu, na nan ne mai kyau, ba ya mutuwa. Shi ya sa ma na wuce na bakin tasha na taho nan." Ta juya ga Yaya. "Jikinsa zafi rau tun jiya. A ba ni na zazzaɓi, na ruwa, irin marar mutuwar nan."

Na ji kamar an kwara mini ruwan sanyi. Ashe talla na yi. Shekara ashirin da biyu ina magana tana bin iska, rana ɗaya da aka ji ni har aka kai gida, ga abin da aka kai.

Yaya ya juya ga katako. Na ga hannunsa ya tsaya a iska. Sannan ya sauko da kwalba, ya ajiye a kan gilashi, bai dube ni ba. Takardar jikinta tana da farin tabon nan a gefe. Ruwan ciki ya rabu biyu, sama tsararo, ƙasa wani guntun laka da ya daskare.

Matar ta fara kwance bakin zaninta. Ban san lokacin da na ɗora hannu a kan kwalbar ba.

"Kada ki ba shi wannan."

"Na'am, Malama?"

"Ya mutu. Ya daɗe da mutuwa, goge ranar aka yi. Babu maganin da ba ya mutuwa, ni ce ban yi wa yaran bayani daidai ba. Ki wuce da shi asibiti yanzu, kada ki tsaya ko'ina."

Gardamar ƙwallo ta tsaya cak. Matar ta dubi kwalbar, ta dubi Yaya, tana jira ya ce wasa nake. Ya kau da kai gefe. Ta gyara goyonta, ta fita ba sallama, mai babur ya miƙe ya ce ta hau ya kai ta. Tela ya tuna yana da ɗinkin da bai gama ba.

Muka rage mu biyu da kukan fanka. Na zaci zai yi faɗa, na ma fi son ya yi. Sai ya ɗauki kwalbar ya mayar inda take, ya goge gilashin kanta da tsumma a hankali, har inda ba datti.

"Malama," ya ce, "kin gama darasin?"

Tun da uwarmu ta haife ni bai taɓa kirana da wannan sunan ba.

Labari bai nemi taimakona ba. Kafin Litinin ya gama zaga unguwa, ya ƙaru da abin da ba a yi ba. Mata suka riƙa zuwa suna ajiye kwalabe a ƙofar shago, wasu da zagi, wasu shiru. Ranar Alhamis wasu ma'aikata biyu suka zo da mota, suka kwashe katan-katan, suka sa wa shagon kwaɗo. Ba ni na kira su ba, amma ban ɓata bakina wajen rantsuwa ba, don babu mai yarda. An ce jaririn ya warke. Wataƙila da an ba shi waccan kwalbar ma da ya warke, ban sani ba, kuma wannan rashin sanin ya fi komai cin raina.

A aji na gyara darasin. Na ce duk maganin da ba a ga ranar mutuwarsa ba, a ɗauka gawa ne. Suka rera, amma ba da ƙarfi ba, suna satar kallon Aku. Ita kuwa ta kifa kai a benci. A filin wasa na ji wani yana kiranta 'yar mai reza, na ja kunnensa, washegari mutum biyar suka ɗauka.

Yaya bai kore ni da bakinsa ba. In mun haɗu a ƙofa yana amsa gaisuwata, gajeriya, kamar ta maƙwabcin da aka yi rigimar kwata da shi. Kwanon mai murfin fure bai daina zuwa ba, sai dai yanzu a bakin ƙofa ake ajiye shi a ƙwanƙwasa. Bayan mako biyu matarsa ta zo da kanta. Ta tsaya a waje, ta ƙi shigowa, tana murza gefen mayafinta.

"Gwaggon yara, ya ce in gaya miki zai zuba kaya a ɗakin nan. Ƙarshen wata."

"Wane kaya, Anti? Shagon ma a rufe yake."

"Ni dai aiko ni aka yi." Idonta ya kawo ruwa. "Da kin bari ya sallami matar, ki same shi daga baya. Gaban mutane fa."

Na ce mata na ji. Ba ni da ƙarfin da zan tambaye ta a wane ciki maganin zai kasance kafin wannan daga bayan.

Malamar aji ɗaya ta samo mini ɗaki a bayan tashar mota, rabin girman wanda nake ciki, tagarsa tana kallon bangon wani. Ranar Asabar da safe motar kaya ta zo. Direban da yaronsa suka fitar da gado da durowa da tebur, cikin rabin awa shekara shida ta hau bayan mota, har da sauran wuri. Babu wanda ya fito daga cikin gida. Na share ɗakin tas, na bar makulli a jikin ƙofa.

Ina fitowa na ga Aku tsaye a jikin mota, rungume da bokitina da na manta a bayan gida. Mako uku rabon da in ji muryarta. Ba wanda ya dake ta, na tambaya. Kawai dai an daina dariya in ta yi magana, sai ta daina.

"Kawo, na gode. Shiga gida kada a neme ki."

Ba ta sake shi ba.

"Gwaggo, da ban ɗaga hannu ba, da ba ki tashi ba ko?"

Ƙarya ta zo mini har baki, mai laushi, irin wadda ake yi wa yara. Amma yarinyar nan ta iya lissafi, ni na koya mata.

"E. Da ban tashi ba."

"Da ba a rufe shagon Baba ba."

"Da ba a rufe ba."

Ta gyaɗa kai, kamar wadda ta duba amsarta ta ga daidai ne. "To na daina ɗagawa."

Direba ya danna hon. Na ɗaga masa hannu ya dakata, na durƙusa a gabanta, gwiwoyina suna ƙara. Na kama kafaɗunta, ƙashi zalla.

"Ki saurare ni da kyau. Ba ki yi laifi ba. Ko kaɗan. An tambaye ki, kin faɗi abin da kika gani, haka ake so mutum ya yi. Kin ji ni?"

"To ke ce kika yi?"

"Ni ma ban yi ba."

"To wa ya yi?"

Daga cikin gida na ji tarin Yaya, wannan busasshen tarin nasa na safe. Ita ma ta ji, ta ɗan juya kai, ta dawo da idonta kaina tana jira. Na san amsar, kalma ɗaya ce. Na buɗe baki, sai na ga ba zan iya duban yarinya 'yar shekara takwas in faɗa mata ita a ƙofar gidan ubanta ba.

Ta jira ni, ta jira sosai, fiye da yadda yara suke jira. Sai uwarta ta ƙwala mata kira daga ciki. Ta ajiye bokitin a gabana a hankali, ta shiga, ta tura ƙofar.